Ranar da Iya Ta Ji Muryar Inna a Rumfata

Shekarun baya, lokacin da nake da rumfar caji a kasuwar Madarumfa, sana'ata biyu ce: in sa wa mutane salula a wuta, in kuma tura musu waƙoƙi a memuwar, ɗan katin nan da ake cusawa cikin waya. Jarina duka pano ne mai ɗaukar wutar rana a kan rufi, da tsohuwar kwamfuta, da wata lasifika da ba ta san sassauci ba. Ranar kasuwa tun hantsi nake sakinta, mutanen Gabi da na Sarkin Yamma su taru, kowa yana miƙo wayarsa. A lokacin gani nake duk faɗin jihar Maradi babu wanda ya san waƙa kamar ni. Ku yi dariyarku, ni dai haka nake gani.

Abin da ya ƙara kumbura mini kai shi ne ƙanwata mawaƙiya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Wani mai sutudiyo a Maradi ne ya gano ta a wurin biki tana amshi. Mutum ne siriri, marar yawan magana, da can piyano yake kaɗawa a bukukuwa. Shi ya gina mata salon da aka san ta da shi: murya siririya can sama, a bi da ita ta cikin na'ura har ta riƙa rawa, a ɗora kan kiɗa mai gudu. Kuma abin ya karɓu, wallahi. Babu bikin da za a yi daga nan har bakin iyaka ba a sa waƙarta ba. Ni kuwa duk wanda ya zo turi sai na sanar da shi ƙanwata ce, ko bai tambaya ba.

Mutum ɗaya ne abin bai taɓa burgewa ba, mahaifiyarmu. Iya muke ce mata. Tana da garka a bakin tabki, ranar kasuwa takan kawo zogale da ganyen salati. Da safe ta ajiye 'yar salularta a wurina, bayan la'asar ta biyo ta karɓa. Ba ta hana ƙanwata waƙa ba, tunda mijinta ya yarda, amma duk sanda ta iske na sa waƙarta sai ta yamutsa fuska.

"Kai wannan, rage mana kukan sauron nan."

"Haba Iya, ɗiyarki ce fa."

"Ɗiyata? Ni na haife ta, na san kukanta tun tana tsumma. Wannan dai injinku ne."

Haka muka yi ta yi, har na daina jayayya.

To, bayan haihuwarta ta biyu sai ƙanwata ta yi ciwon maƙogwaro mai tsawo. Ta warke, Alhamdulillahi, amma muryar da ta dawo ba ita ce ta tafi ba. Ta sauko ƙasa, ta yi kauri, har da ɗan gurzawa a ciki. Ta ɗauka da lokaci za ta koma, ta sha zuma, ta sha citta, ta sha duk abin da aka ce mata. Aka gayyace ta wani babban biki, ta hau fage, ta zo daidai inda take ɗaga murya a waƙarta da aka fi so, sai muryar ta karye a gaban jama'a. 'Yan mata suka tuntsire da dariya, wasu har da ɗauka a waya. Ta koma gida ta kwashe kayan da take hawa fage da su ta rabar. Ta kira ni ta ce, "Yaya, na bar waƙa." Ko a gida ta daina rerawa, ita da ko wanke-wanke ba ta yi sai da waƙa a baki. Da na je duba ta, shirun gidan ne ya fi ba ni tsoro.

Mai sutudiyo ya bari aka kwana biyu. Sannan ya bi ta hannun mijinta, ya roƙa ta zo sau ɗaya tak. Ta je bisa kunya. Ta ba ni labari daga baya, wai ta ce masa ya ɗaga muryar da na'ura kamar da, ya ce zai iya, amma ranar biki wa zai ɗaga mata? Ya kashe duk abubuwan da yake sa mata. Ya ture piyanon gefe, ya kawo mai gurmi da wata mata mai kiɗan ƙwarya, ya ce ta rera daidai inda muryar take zaune, kar ta hau ko'ina. Da aka gama ya kunna mata, ta toshe kunne ta ce wannan ai muryar tsohuwa ce mai tallan daddawa.

Nan suka yi sharaɗi. Ya ce za a kai waƙar kasuwa, ba suna, ba a gaya wa kowa mai ita. In mutum ɗaya, wanda bai san ita ce ba, ya tsaya ya ce a tura masa kafin kasuwa ta watse, za ta dawo aiki. In ba a samu ba, shi da bakinsa ba zai ƙara yi mata zancen waƙa ba. Ta yarda, don ta tabbata babu mai tsayawa.

Kasuwar da aka zaɓa kuwa tamu ce, rumfar kuma tawa.

Da sassafe suka iso, tun kafin Iya ta kawo salularta. Ƙanwata ta lulluɓe da hijabi har ƙasa, da jaririya a baya, ta shige bayan labulen da nake ajiye batura ta zauna kan tabarma. Ta gargaɗe ni kar Iya ta san ta zo. Mai sutudiyo ya miƙo mini waƙar, na sa a kunne na saurara. Mace ce take magana da mijinta da ya tafi ci-rani Najeriya, tana ce masa ruwa ya janye, garka ta yi kore, shi bai dawo ba. A hankali take tafiya, ƙwarya tana bugawa ƙasa-ƙasa. Na cire abin kunnen na dube shi da idon masana.

"Malam, ka yi haƙuri, gaskiya zan faɗa maka. Wannan ba za ta ci kasuwa ba. Ni nake turi, na san abin da mutane suke so."

Ya ce, "To, madalla. Ka dai sa ta."

Ya jawo benci ya zauna a bakin rumfa. Abin da ya ba ni mamaki, ba fuskokin mutane yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Na tambaye shi ko wani abu ya yar. Ya ce a'a, ƙafafu yake dubawa, wai baki yana iya yabon waƙa don kunya, amma ƙafa in ba ta ji ba, ba ta rage sauri. Na ce a raina, yau na haɗu da wanda ya fi ni iyayi.

Na saki waƙar. Na maimaita. Na sa wasu, na sake dawo da ita. Samari suka yi ta zuwa suna neman na rawa, wani ma ya ce, "Kai, canza mana, mutuwa aka yi?" Na san ƙanwata ta ji, don labulen ba kauri gare shi ba. Mai sutudiyo ya ɗan taɓa ni sau biyu ko uku, ya nuna mini wata mai kifi da ta rage tafiya, da wani dattijo da ya tsaya yana gyara igiyar akuyar da ba ta kwance ba. Amma rage tafiya ba shi ne sharaɗi ba, sai an buɗe baki an nema.

Wajen azahar sai ga wani abokina ɗan kabu-kabu ya faka babur da ƙarfi, ya dafe ƙirji.

"Kai! Wace ce wannan? Ban taɓa jin murya irin wannan ba! Tura mini yanzu-yanzu!"

Har na miƙa hannu zan karɓi wayarsa. Mai sutudiyo ya ɗago kai a hankali ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Ba kai ka ɗauko mu daga tasha da safe ba?" Ashe a hanya ya ji suna zancen sharaɗin, tausayi ya kama shi. Ya sosa ƙeya, ya ja babur ya tafi. Daga bayan labule na ji ƙanwata ta yi 'yar dariya, irin wadda kuka yake biye da ita.

Aka yi la'asar. Masu kaya suka fara ɗaurewa, amalanke suna fita. Na leƙa bayan labule na iske ƙanwata ta goya ɗiyarta, ta ɗaure jaka. Ta ce, "Yaya, kashe haka nan. Na gaya muku." Ni ma na sare, ba zan ɓoye ba, kuma ban ji daɗin cewa maganata ce ta fito ba. Mai sutudiyo ya ce kasuwa ba ta watse ba tukuna, a ƙara sau ɗaya.

Ana cikin wannan ɗayar sai ga Iya, da tire a ka, ta zo karɓar salularta. Na kai hannu zan rage sauti tun kafin ta fara faɗan sauro.

Ta ce, "Bari."

Ta tsaya cak. Ta sauke tiren ta ajiye a ƙasa, ita da ba ta yarda kayan sana'arta su taɓa ƙasa. Ta matso kusa da lasifikar nan da ta tsana, ta karkata kai. Ba ta motsa ba har waƙar ta ƙare.

"Kai wannan, ina ka samo muryar Inna?"

Inna mahaifiyarta ce, kakarmu. Ta rasu tun ina rarrafe, ƙanwata ma ba a haife ta ba. Ko hotonta ba mu da shi.

Na ce, "Iya, wace Inna?"

"Inna tawa mana. Haka take yi in tana niƙa. Ka ji wurin nan da muryar ta gurza? Haka, wallahi haka." Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta yi kamar ƙura ce. "Ko wace ce, Allah ya yi mata albarka. Sa mini ita cikin wayata."

Na juya wajen mai sutudiyo, na ga ya sunkuyar da kai, hannunsa a kan baki. Sai labule ya motsa, ƙanwata ta fito, fuska jage-jage da hawaye, ta durƙusa gaban Iya ta ce, "Ni ce, Iya."

Kun san iyayenmu da alkunya. Iya ba ta rungume ta ba. Ta dube ta, ta dubi lasifika, ta sake dubanta.

"Ke ce? Ashe kina da wannan, duk shekarun nan kika bar inji yana yi miki kuka?"

Ta juya kan mai sutudiyo. "Kai ne mai injin?"

Ya zame daga benci ya durƙusa. "Ni ne, Iya."

"Kai ka ɓoye ta?"

"Ni ne."

"Kai kuma ka fito da ita?"

"Ni ne, Iya."

"To, na biyun Allah ya saka maka da alheri. Na farkon kuma ka je ka nemi gafara."

Mutumin nan da ban taɓa ganin haƙorinsa ba ya yi dariya har da ƙwalla. Da na buɗe salular Iya ashe ko memuwar babu a ciki. Na ciro sabo dal na sa mata, waƙa ɗaya tak a kai, na nuna mata maɓallin da za ta danna.

Ƙanwata ta koma sutudiyo a satin. Ba zan ce muku nan take duniya ta karɓa ba. Wasu masoyanta na da sun watse, har yau akwai masu cewa sun fi son tsohuwar muryar, kuma ba laifi ba ne. Amma a hankali wasu suka zo, mata manya, direbobin da ke bin doguwar hanya, 'yan ci-rani da ke kiran gida. Mai sutudiyo ya ci gaba da rage kaya a kiɗanta, duk waƙa sai ya cire wani abu, har na taɓa tsokanarsa na ce wata rana shiru zai sayar mana. Daga baya ya dawo da piyanon kaɗan-kaɗan, amma a bayan muryar, ba a kanta ba. Yanzu in ta hau fage ba ta tsoron kowane wuri a waƙa, don babu inda take hawa da ba za ta iya saukowa ba.

Na daɗe da barin turi, kowa yanzu da kansa yake sauke waƙa, caji kawai ya rage mini da 'yan kayan waya. Amma ina yawan tuna ranar nan, kuma duk sanda na tuna godiya nake ji. Ina gode wa Allah da bai sa aka bi shawarata ba. Ina gode wa bawan Allahn nan, da ya yarda ya rushe abin da shi da kansa ya gina kuma yake ci da shi, ya zo ya wuni kan benci yana kallon ƙafafun mutane saboda ƙanwata. Ita yake nema wa hanya, bai san akwai wata tsohuwa mai zogale da ta yi shekara da shekaru ba ta ji muryar uwarta ba.

Iya tana nan da ranta, ƙafa dai ta yi nauyi, jikoki ne suke kai ta garka. Ƙanwata ta yi waƙoƙi da yawa tun daga lokacin, na sha cewa in ƙara wa Iya a wayarta, ta ce ɗayar ta ishe ta. Tana ɗaure salular a bakin zane, tana tsinkar zogale tana saurare. Kuma har yau in batirin ya mutu ba ta cewa caji ya ƙare. Sai ta kwance bakin zanen ta miƙo mini, ta ce, "Ungo, kai wannan. Inna ta yi shiru."