Malama Rabi, Mai Tambaya Kafin Allura

Ina tsaka da awon masu ciki aka kira ni daga Karaye cewa Malama Rabi ta cika da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ita ce babbar ma'aikaciyar jinya a ɗan asibitinmu na wajen Gwangwan, kuma a hannunta na koyi aiki.

Tun ba a yi sadakar uku ba na fara jin ana cewa, "Allah ya jiƙanta, amma akwai tsanani." Na san inda aka dosa, kuma raina ya ɓaci. Maganar seftiriyazon ce, allurar kashe ƙwayoyin cuta da mutanenmu suka ɗauka maganin komai ce. Malama ba ta zuƙo ta sai ta yi tambaya. Ka taɓa shan penisilin ka yi borin jini? Yaya ƙodarka? Wane ruwa aka ɗaura maka? Takan ce mana, "Ruwan da ke da kalsiyam ba ya haɗa jijiya da allurar nan, dunƙulewa suke yi." In ta ba mai jego ƙwayoyin dangin maganin, sai ta ce a sha bayan abinci, a kuma nisanta su da kunun kanwa, don kanwa na rage shigarsu jiki. Tsofaffi suka ce ta raina abin gado.

Ina wurin ranar da Alhaji Sule, mai fataucin gyaɗa, ya kawo jikansa sabon haihuwa, idanunsa sun yi rawaya da shawara.

"Malama, a yi masa mai ƙarfin nan mu koma."

"Baba, ba zan yi ba. Jariri mai shawara, allurar nan tana iya kai masa cutar ƙwaƙwalwa. Babban asibiti za a kai shi yanzu."

"To, akwai kemis a kasuwa."

"In can za ku, ƙafata ƙafarku."

Ta yafa mayafinta ta shige motarsu, ba ta sauka ba sai a ƙofar babban asibiti. Alhaji ya daɗe ba ya amsa gaisuwarta. Jikan nan yau yana makaranta, garau. In wannan ne tsananin, ban ga abin neman afuwa ba.

Da na koma aiki bayan zaman makoki, wani magidanci ya shigo yana murmushi. "Yanzu dai mai tambayar ta tafi, 'yata, ki yi mana mu wuce." Na jawo kujerarta na zauna, na ce, "Baba, ka taɓa yin borin jini?" Ya yi tsaki, na jira har ya amsa.

Allah ya gafarta wa Malama Rabi, ya ba mijinta Malam Isa da 'ya'yansu haƙurin rashinta, ya raya abin da ta bari. Ta yi ta tambaya don kada a rasa rai, ya Allah ka sauƙaƙa mata tata tambayar a kabari. Amin.