Kalmar "Waya" da Ta Raba Ni da Aminina

A lokacin ni matashi ne mai ji da kansa, na dawo Funtua da ɗan ilimin kwamfuta. Wata ƙungiyar mata manoman waken soya ta ɗauke ni in rubuta mata manhaja, ni kuma na jawo aminina, ɗan Maska, muka yi aikin tare. A rumbun bayanan kowane abu da gurbinsa da sunansa: suna, gari, gona, waya. Da jami'an ƙungiyar suka dame ni, yau wannan yana son ganin gari, gobe wancan gona, sai na yi wata dabara. Na buɗe ɗan akwatin rubutu a manhajar, duk sunan gurbin da mutum ya rubuta, manhaja ta ɗauko masa. Wallahi har yabon kaina na yi.

Ba a jima ba baƙin maza suka fara kiran matan auren ƙungiyar a waya. Wani magidanci a Bakori ya hana matarsa zuwa taro. Hajiyar da ke shugabantar ƙungiyar ta kira ni, ta ce lambobin nan amana ce, waye ya fitar? Mu biyu kaɗai ke da mabuɗin rumbun, kuma na san ba ni ba ne. Sai na sa wa aminina ido. Ya koma gefe amsa waya, in ce ga shi nan. Ya yi sabon takalmi, zuciyata ta ce daga ina? Ya rantse mini, na ce rantsuwa ba wuya. A gaban Hajiya na ce shi nake zargi. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Bayan girbi ina zaune a ofis, na ga wani jami'i ya rubuta "waya" a akwatin nan, lambobi suka zubo reras. Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce ai kowa haka yake yi, har direban ƙungiyar ya iya. Kaico! Ban taɓa iyakance sunayen da manhaja za ta karɓa ba.

Masu wannan sana'a, ku ƙayyade guraben da aka yarda a gani, ku rufe sauran. Kafin ku zargi mutum, ku binciki aikin hannunku. Na je Maska neman gafarar aminina, ya ce ya yafe, ya raka ni bakin titi. Har yau bai sake tako gidanmu ba.