Hoton da Kawu Ya Ƙi Sa wa Gilashi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina wurin aiki mahaifiyata ta kira ni ta ce Allah ya yi wa yayanta rasuwa. Kai ke nan, Kawu, wanda duk layinku ke kira Mai Firam. Na so in rubuta maka kalmomi masu sanyi, amma tun ranar jana'izarka raina a ɓace yake, kuma kai ka koya mini faɗin abu yadda yake.

Shagonka ɗan ƙarami ne, kullum ƙanshin katako da warin gam, ga ɓarɓashin gilashi a ƙarƙashin tebur, kana korar mu kada mu shiga ba takalmi. Hoton aure, takardar gama makaranta, hoton kaka da ya koɗe, duk ka sa musu firam. Da iska ta fasa tagar matar nan da mijinta ya rasu, ka je ka sa mata sabon gilashi ka ce ai ragowar aiki ne. Mun kuwa ga lokacin da ka yanko shi daga sabo fil.

Hoto ɗaya ka ƙi taɓawa har ka koma ga Ubangiji: na Baturen nan mai dogon gashi da shuɗin ido, wanda ake ratayewa a falo a ce Yesu ne. Duk wanda ya kawo shi sai ka mayar masa cikin ladabi, ka ce, "Wannan ɗan wasan fim ne. Babu wanda ya ɗauki hoton Almasihu, Littafi ma bai faɗi launin idonsa ba." Aka ce taurin kai ne, har matar fasto ta ɗan ɗauke maka wuta. Ba su san abin da ke cin ranka ba. Wata tsohuwa ce ta taɓa gaya maka tana jin nauyin yi wa Yesu addu'a da Hausa, wai ko zai gane. Ga kuma telan da ke jikin shagonka, Musulmi, abokin shan shayinka, wanda ya ɗauka hoton nan muke durƙusa wa. Shekara da shekaru kana yi masa bayani a tsanake, har ya yarda da kai.

To, Kawu, ka san abin da muka yi maka? Babban ɗanka ya ba mai buga takardu aikin jana'iza, aka kawo makeken ƙyalle aka shimfiɗa a bangon gida. Ga ka cikin farar rigarka, ga ɗan wasan nan a bayanka ya buɗe hannu zai rungume ka. A jikin takardun waƙoƙi ma shi ne. Na ja Yaya gefe na yi masa magana, ya ce, "Haba ƙanwata, kowa ai haka yake yi. Yau ranar gardama ce?"

Ana cikin zaman makoki telan ya zo gaisuwa. Ya daɗe a tsaye gaban ƙyallen, sannan ya juyo ya tambaye ni a hankali, "'Yata, ashe dai shi ne? Marigayi ya ce mini ba shi ba ne." Na ce, "Baba, ba shi ba ne." Ya gyaɗa kai don kada ya kunyata ni. Maganata ce kaɗai, ga kuma hoto ya cika bango.

Yanzu na ji an ce wannan hoton za a sassaƙa a dutsen kabarinka. Ƙyalle ana naɗe shi, dutse kuwa zai daɗe yana ƙaryata ka bayan mu duka mun wuce.

Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya ba ka hutawa a gaban wanda ka ƙi yarda a yi wa ƙarya ko da a kan takarda. Ya ta'azantar da Inna matarka, da 'ya'yanka, da mahaifiyata, da telan da yanzu yake shan shayi shi kaɗai.

Yaya, da girmanka nake roƙonka: a rubuta sunan Kawu kawai, a bar sauran dutsen haka nan. Shi ya riga ya ga fuskar, mu sai mu jira.