Kafinta da allurarsa

Aikin rufi ya fi iyawa. Ko da furfura ta cika masa gemu, yana tafiya a kan katakon rufi da ƙusoshi a baki kamar mai yawo a tsakar gida, kuma duk unguwa Kafinta ake ce masa.

Abin da mutane ba su sani ba, tun yana matashi ya taɓa zamewa ya faɗo a kan ƙarfe, ya ji rauni a mazakuta. Bayan shekaru jikinsa ya daina samar da testosteron, sinadarin nan na maza. Wani tsohon likita ne ya gano matsalar ya ɗora shi a kan allura. Idan lokaci ya yi sai ya je a yi masa, su ɗan taɓa hirar ƙwallo, ya koma bakin aiki. Daga shi sai matarsa suka san da maganar.

Da surukinsa ya samo masa kwangilar rufin wasu gidaje a wani gari mai nisa, sai suka tattara suka koma can. Likitan ya ja masa kunne: "Kana sauka ka nemi mai duba sinadaran jiki. Kada ka bari ta yanke."

Ya yi niyya kuwa. Sai dai ranar da ya je asibiti surukin ne ya kai shi, ya kuma tsaya a gefensa. Ma'aikaciyar da ke bakin taga ta ɗaga murya saboda hayaniya.

"Baba, me ke damunka?"

Kafinta ya dubi surukinsa, ya dubi layin da ke bayansa. "Ciwon baya ne, 'yata."

Aka ba shi maganin shafawa.

Watanni suka shuɗe. Guduma ta fara yi masa nauyi. Yakan farka jiƙe da gumi, da rana kuma barci ya ɗauke shi a gindin tsani. Mutumin da ba a taɓa jin kansa ba ya koma faɗa a kan gishirin miya. Jikokinsa suka daina shiga ɗakinsa.

"Maigida, ka koma asibitin nan," in ji matarsa.

"In je in ce musu me, a gaban yara sa'o'in 'yata?"

"Abin da ka ce wa wancan tsohon likitan."

"Wancan daban ne."

Da ta gaji, sai ta ɗauki mayafinta ta fita nema da kanta. Mai kemis ya tura ta wani asibiti, can aka ce ba su da irin wannan likita, ta je babban asibiti sashen masu ciwon suga, wai su ne masu duba sinadaran jiki. A can ta samu aka ba su rana.

Kafin ranar ta zo, ƙafarsa ta goce daga matakin tsani na ƙasa-ƙasa, faɗuwar da a da sai dai ya kakkaɓe wando. Ƙashin ƙugunsa ya tsage.

Likitar da suka gani da ranar ta zo mace ce, ba ta wuce 'yarsa a shekaru ba. Ta rufe ƙofa, ta yi tambayoyinta ba tare da ta ɗaga gira ba, ta sa aka gwada jini aka duba ƙashi.

"Baba, rashin allurar ne ya cinye maka ƙashi. Za mu ci gaba da ita, ƙarfi zai dawo. Amma hawa sama, a haƙura."

Ƙarfin ya dawo, fara'ar ma haka. Kwangilar kuwa wani aka ba. Da surukin ya ji labari daga baya, cewa ya yi da ya sani da a mota ya jira.

Yanzu Kafinta kujeru da ƙofofi yake yi a rumfar ƙofar gida, da sanda jingine a gefen teburin aikinsa. Akwai sabon gini a tsallaken titi, kuma tun da aka fara ɗora masa katako ya juya teburin ya fuskanci bango. Matarsa ta tambaye shi dalili.

"Sun karkata tsakiyar rufin," ya ce. "In ina kallo, zuwa zan yi."