Kafaɗar Malam Isiyaku

Har gobe ban manta ranar da aka kawo Malam Isiyaku ofishinmu na unguwar Al Khabaisi, a nan ƙasar Larabawa, ba. A 2018 ne, ina sabon shiga aikin tafinta wurin wata lauya 'yar ƙasa, Ustaza Huda. Aikina shi ne in juya Hausa zuwa Larabci, in juya Larabci zuwa Hausa, ban ƙara ba ban rage ba.

Malam Isiyaku direba ne, dattijo mutumin Bichi. Maigidansa, Alhaji Nasidi, mai sito a Al Qusais, shi ya kawo shi kuma shi ya ɗauki lauya. Zargin shi ne bayan la'asar ya doki shingen titi a Al Rigga yana cikin maye. 'Yan sanda sun tarar da shi tsaye da makulli a hannu, motar tana warin giya. Washegari suka buɗe but ɗin motar a harabar caji ofis, suka ciro kwalba daga wata jaka. An ɗebi jininsa, sakamako bai fito ba, aka ba da belinsa aka riƙe fasfo. A nan ƙasar ko kurɓi ɗaya aka samu a jinin direba ya shiga uku, kuma baƙo yana iya rasa bizarsa.

Da farko shi na zarga. Na dubi tabon sallah a goshinsa, na ce a raina mun sha ganin irinsu. Amma duk tambayar da Ustaza ta yi, Alhaji ne ke amsawa.

"Ya amsa laifinsa kawai, khalas, shi ke nan," in ji Alhaji. "Tara ce, ni zan ji da ita."

Ustaza ta ce in gaya masa ya jira a waje.

"Ni fa na ɗauke ta!"

"Gaya masa wanda ake tuhuma shi ne nawa," in ji ta. "Shi kaɗai zan saurara."

Da ya fita, Malam Isiyaku ya miƙa hannu zai ɗauki ruwa, sai ya cije baki ya dafe kafaɗar dama. Wuyan rigarsa ya zame, muka ga shatin bel ɗin mota baƙi ƙirin. Bel ɗin direba ta kafaɗar hagu yake bi. Ta dama kuwa na mai zaman gefe ne.

Ustaza ta ajiye biro. "Tambaye shi, wa ke tuƙi?"

Na ce, "Baba, wa ke riƙe da sitiyari?"

Ya ce, "Ɗana, ka ce mata ni ban taɓa shan giya ba."

"Ba abin da ta tambaya ba ke nan, Baba."

"Na ji tambayarta."

Ta bayyana masa haƙƙinsa a hankali. Yana da damar yin shiru, ba mai tilasta masa ambaton kowa. Amma kada ya amsa abin da bai yi ba, ita kuma ba za ta faɗa wa alƙali ƙarya a madadinsa ba. Sannan ta tambayi ko an kawo masa tafinta a caji ofis. Ya ce a'a. Sun yi ta Larabci, shi kuma duk abin da aka ce sai ya ce na'am, don ladabi.

A makon nan na ji a masallaci cewa Auwalu, ƙanin Alhaji, ya tafi Kano ba sallama, kwana kaɗan bayan haɗarin. Na garzaya wurin Ustaza, na ce mata ina jin shi ke tuƙin. Ta ce, "Zato ne, Bashir. Ko da gaskiya ne, bakin Malam Isiyaku ne zai faɗa, ba naka ba."

A kotu ta tsaya kan abu uku. Sakamakon jini ya fito fes. Amsar da ya bayar ba tafinta ba a kafa hujja da ita. Shi kuma binciken but an yi shi washegari, mota na ajiye, ba tare da izinin niyaba ba, wato ofishin mai gabatar da ƙara. Alƙali ya yarda, ya jefar da maganar kwalbar, ya wanke shi daga tuhumar maye. Tarar shingen kawai ta rage.

A bakin kotu Alhaji ya buɗe masa ƙofar mota yana washe baki. Malam Isiyaku ya ce, "Na gode, Alhaji, jirgin ƙasa zan hau." Wata na zagayowa ya ajiye aiki ya koma gida. Bai taɓa kiran sunan kowa ba, ni ma har yau ban san tabbas ba, kodayake zuciyata ta yanke nata hukuncin.

Ku da kuka shigo aikin tafintan nan yanzu, za ku zargi kowa, kuma wani lokaci za ku yi daidai. Ku bar zargin a cikinku, kada ya bi ta fassara. In kuma kuka ga mai biyan lauya ya fi wanda ake tuhuma zaƙuwa a amsa laifi, ku nuna masa kujerar waje kafin ku fassara kalma ɗaya.