Yadda Na Ɗora wa Injin Baba Ɗantani Laifina

Daga Yelwa har Warra, ka haɗa da Shanga, babu kwamfutar da ta taɓa yi mini gardama ta kwana lafiya. Akwai wadda ta ƙi tashi sati guda, tana jin tarina a bakin ƙofa ta kunna kanta. Haka nake gaya wa kowa, ku ma yaran da kuka shigo aikin nan bayanmu haka na gaya muku ranar farko. To yau ku zauna ku ji labarin wata Talata da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da wani ɗan akwati da bai kai faifan tuwo ba ya kunyata ni, ya kuma kusa raba wani dattijo da aikinsa.

A lokacin ni kaɗai ne mai kula da kwamfutoci a wani asibiti da ke Yelwa. Ana ce mini Injiniya, ni kuma ban taɓa hana kowa ba. Tsarinmu mai sauƙi ne. Akwai babbar kwamfuta guda da muke kira saba, tana wani ɗan ɗaki a bayan ofishin kati, duk bayanan marasa lafiya a cikinta suke. Sauran kwamfutocin, na ɗakin kati da ɗakin magani da ɗakin gwaji da na likitoci, duk da waya aka haɗa su da ita. Saba tamkar kamasho take a tasha. Duk kwamfutar da aka kunna sai ta fara neman lamba a wurinta, ita ce kuma ta san sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa. Wadda ba ta karɓi lamba a hannun saba ba, ba za ta gane hanyar zuwa wurinta ba, ma'aikaci kuma ba zai iya shiga ba. Ka ga ke nan babu kati, babu sakamakon gwaji, babu magani.

Sista Hajara, shugabar masu awon ciki, ita ta tayar da maganar. Rumfar awo tana can ƙetaren fili, waya ba ta kai ba, kullum sai ta yi ta safa da marwa da katuna a hannu. Na ce a haƙa rami a ja waya. Sakataren asibiti, Alhaji Bala, ya ce ko farce ba za a sa wa simintin da ya shafe filin da shi ba. Sai aka sayo rauta, wato ɗan akwatin nan mai ƙaho biyu da ke watsa sadarwa ta iska.

Ranar Talata na ɓare kwali. Takardar bayanin da ke ciki ko kallonta ban yi ba, ai a ganina ita ya kamata ta karanta ni. Na kafa akwatin a jikin tagar ɗakin saba, na soka waya, na sa kalmar sirri, minti goma na gama. Na ɗaga laftof ɗin Sista sama kamar mai tallan fura na ratsa fili da shi har rumfa. Ta buga sunanta, katuna suka bayyana. Matan awo suka yi ta dariya, wata ta ce, "Wannan bawan Allah da iska yake aiki." Ranar ko takuna ya canza.

Laraba da hantsi aka ɗauke wuta. Batirin ajiyar saba ya mutu tun bara, saboda haka komai ya mutu tare. Baba Ɗantani ya tayar da inji. Baba shi ne mai kula da janareta, ya riga yawancin gine-ginen asibitin zuwa wurin, kuma yana goge injin nan fiye da yadda wasu ke wanke 'ya'yansu. Wuta ta dawo, amma fiye da rabin kwamfutocin suka ce ba su ga saba ba. Layi ya miƙe a ɗakin magani har bakin masallaci. A cikinsu akwai mutanen da suka tsallako ruwa tun asuba, hankalinsu yana kan jirgin komawa. Na bi ɗaki ɗaki ina kashewa ina kunnawa. Wasu suka dawo, wasu sai a karo na uku.

Ina share gumi sai ga Alhaji Bala. Ya ce, "Injiniya, me ke faruwa?"

Mutane sun zuba mini ido, ni kuma bakina ba ya son shiru. Na ce, "Yallaɓai, injin Baba ne ya tsufa kamar mai shi. Wutarsa tari take yi, kwamfuta kuwa ba ta son mai tari."

Aka kwashe da dariya. Ni wasa na yi. Alhaji Bala bai yi dariya ba, ya dai gyaɗa kai ya wuce.

Alhamis abin ya maimaita kansa, daidai lokacin da aka tayar da inji. Juma'a ma haka. Zuwa lokacin kowa a asibitin ya haddace maganata, har masu shara suna cewa wutar Baba ce ke kashe kwamfuta.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a Baba ya kira ni ɗakin inji. Ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da ya ninke a ciki, ya miƙo mini.

Ya ce, "Injiniya, karanta mani wagga. Da Turanci anka rubuta ta."

Takardar gargaɗi ce daga ofishin Sakatare. Ga wanda bai san aikin ofis ba, irin wannan takarda ana ajiye kwafinta a fayil ɗin ma'aikaci, daga ita sai sallama. An rubuta cewa idan matsalar ta sake faruwa ranar Litinin, za a ɗauko wani makanike daga Kontagora ya karɓi ɗakin inji. Da bakina na fassara masa, kalma bayan kalma.

Baba ya ce, "To. Amma firjin jini da wutata shika aiki. Fitilar tiyata ma haka. Ba su taɓa kai ƙarata ba. Mi ya sa naka kayan kaɗai ka jin tarin?"

A nan na yi wa kaina alkawari cewa Litinin ba za ta same mu a haka ba, ko da zan kwance kwamfutocin asibitin nan ƙusa ƙusa. Na ce, "Baba, gobe Asabar babu layin ganin likita. Ka zo da sassafe."

Asabar ƙarfe bakwai muka fara. Na sa ma'auni a wutar injin, na same ta tsaf, ta ma fi ta gwamnati natsuwa. Na canza wayoyi. Na buɗe saba na hure ƙura. Na zargi ɓera, na zargi zafi, har aljanun bakin ruwa sai da na ɗan zarga a zuci. Rauta kam ko kallonta ban yi ba. Ai aikina ne, kuma tana can tana ƙyafta fitilunta kamar ba ta san komai ba.

Wajen ƙarfe goma aka kawo wutar gwamnati. Baba ya ce, "Injiniya, bari in gwada wani abu. Layin wutar ofisoshi daban yake da na ɗakunan kwanciya. In kashe shi kaɗai, in ƙirga goma, in maido. Ba ni tada inji. In sunka tashi lahiya, laihina ne, in tahi gida da kaina."

Na ce, "Baba, kada ka yi wa kanka rantsuwa."

Ya ce, "Na san injina."

Ya kashe, ya maido. Inji yana kwance ko motsi bai yi ba. Na zagaya: ɗakin magani babu saba, ɗakin kati babu saba, ɗakin gwaji babu saba. Wallahi sai da na ji daɗi da tsoro a lokaci guda. Baba ya fita daga zargi, saura a nemo mai laifi, kuma a fannin kwamfuta duk asibitin mutum ɗaya ne.

Na ce ya sake kashewa, amma wannan karon ya biyo ni ɗakin saba ya riƙe mini tocila in duba bayanta. Shekarunsa duk a asibitin bai taɓa shiga ɗakin ba, sai da ya cire takalmi. Wani ma'aikacin jinya ya maido mana da layin. Ina durƙushe a bayan saba sai na ji Baba yana cewa, "Ikon Allah. Wanga ƙaramin mai ƙaho har ya buɗe ido, babban ko yanzu shika miƙa."

Na ce, "Haka suke, Baba. Saba tana cin minti biyar kafin ta farka."

Ya ce, "To cikin minti biyar ɗin, ƙaramin mi shika yi? Ni in na tada inji ba ni sakin ƙananan kaya sai manya sun zauna."

Na miƙe har kaina ya bugi tebur. Na ruga ɗakin magani, na duba lambar da kwamfutar ke riƙe da ita. Lambobin saba duk da goma suke farawa. Wannan da ɗari da casa'in da biyu ta fara. Ba saba ce ta ba ta ba.

Ga abin da ya faru, ku rubuta shi a inda ba zai goge ba. Kusan kowace rauta daga kamfani take zuwa da nata rabon lamba a kunne, domin an yi ta ne don gidan da babu saba. Ni ban kashe shi ba. Ashe kamasho na biyu na shigo da shi tasha. Ranar Talata ba a gane ba saboda kowace kwamfuta tana riƙe da lambarta ta asali, laftof ɗin Sista kuma sa'a ya ci. Amma da zarar wuta ta yanke ta dawo, kwamfutoci suna tashi suna neman lamba, saba tana barci, sai rauta ta yi ta raba nata, lambobin da ba sa kai kowa ko'ina. Idan duka biyun suna farke kuwa, wanda ya riga amsawa shi ake bi. Shi ya sa kashe da kunna da nake yi yake gyara wasu ya bar wasu, ni kuma ina ɗauka albarkar hannuna ce.

Na cire rautar daga layi na haɗa ta da laftof kai tsaye. Sai kalmar sirrin shiga cikinta ta ɓace mini, don ranar Talata da ƙafafa na sa ta ban rubuta ba. Baba ya karyo tsinken tsintsiya, na danna ɗan ramin da ke bayanta ta koma yadda ta fito daga kwali. Na shiga na kashe rabon lamba. Na ba ta lamba tata ta dindindin a cikin jerin namu, a wajen waɗanda saba ke rabawa, don kada ta yi karo da kowa. Na sake sa kalmar sirri, wannan karon na rubuta na kulle a durowa. Sannan na maida ta jikin taga.

Sau bakwai muka kashe muka kunna, huɗu da wutar gwamnati, uku da inji. Kowane karo kwamfutoci suka jira saba ta farka, suka karɓi lamba a hannunta. A na bakwai Baba ya ce man da aka ba shi ba na wasa ba ne, sannan na haƙura.

Gyaran bai kai abin da ya biyo baya wuya ba. Lahadi na wuni shaiɗan yana ba ni shawara mai daɗi: ka ce ka gyara kawai, wa zai tambaye ka? Amma takardar tana cikin fayil ɗin Baba, kuma duk ranar da wani abu ya sake lalacewa ita za a fara ɗaukowa.

Litinin ƙarfe takwas na shiga ofishin Alhaji Bala na roƙe shi ya biyo ni. A gabansa Baba ya kashe layi ya tayar da inji. Muka bi ɗaki ɗaki, kowa ya shiga lafiya. Daga rumfa Sista Hajara ta ɗago hannu.

Alhaji ya ce, "Wato an gyara injin."

Na ce, "Yallaɓai, injin bai taɓa lalacewa ba. Akwatin da na kafa ne, ban saita shi daidai ba. Maganar da na yi ranar Laraba kuwa, ban auna komai ba na yi ta."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Ka san saura ƙiris in kori mutum saboda barkwancinka?"

Na ce na sani. Ya sa aka kawo fayil ɗin Baba, ya zare takardar ya yaga ta a gabanmu. Ni kuma ya yi mini wankin da ba ruwa ba sabulu, har na ƙwammace a ce takarda ya ba ni.

Abin da na koya ke nan. A gidan da ke da saba, kafin ka soka kowace irin rauta, kashe rabon lambarta tukuna. Kada ka ce aiki ya yi sai ka yanke wuta ka maido ka ga yadda kaya za su tashi, domin a garinmu wutar da za ta yanke ita ce jarrabawar gaskiya. Kuma idan mutane ba su san aikinka ba, duk abin da ka faɗa gaskiya ne a wurinsu, har wasanka. Wanda ba shi da bakin kare kansa shi zai ɗauka.

Sai dai hali ba ya barin mai shi. Bayan azahar muna zaune a inuwar ɗakin inji, har na warware, na fara ba masu gadi labarin yadda na gano cutar da ko a Legas sai an tara injiniyoyi goma. Na dafa kafaɗar Baba na ce, "Baba, gaya musu yadda na cece ka."

Ya gama goge hannunsa da tsumma a natse, ya ce, "Ka cece ni, Injiniya, Allah shi saka. Amma don Allah, ran da za ka sake kawo muna ci gaba, ka hwaɗa mani da wuri in ɗauki hutu."