Rijiyar da Wankin Mota Ya Shanye

Gidanmu yana bakin kwalta a Bungudu. A ƙofar gidan akwai dogon yaro, a gindin dogon yaron akwai rijiya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya sa anka gina ta tun muna da ƙuruciya, ya kuma ce sadaka ce. Guga ba ya shiga gida, a reshe yake kwana, kowa ya zo ya ja. Mata sun ja, makiyaya sun shayar, direbobin manyan motoci sun tsaya sun yi alwala. Da ya rasu, liman ya ce mani duk gugan da ya fito daga rijiyar nan ladarsa tana iske Malam a kabari. Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Kullum na ji guga ya bugi ruwa, sai in ce a raina, Malam, ga naka nan.

To, ina da ɗan fari. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Ranar da anka yaye shi ƙanwar ubansa ta goya shi ta tafi da shi Tsafe. Can ya girma, can ya yi aure, can ya yi noma. In ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ni kuwa in amsa ina kallon bango. Haka uwata ta yi da yayana, haka tata uwar ta yi. An yabe ni a kan haka. A gidan biki ana nuna ni ana cewa, kun ga mai kunya, ko ruwa ba ta taɓa miƙa masa da hannunta ba. Ni kuwa kaina ya yi ta girma.

Ana nan, ana nan, sai gona ta gagari mutane a ƙauyukan Tsafe. Ba sai na faɗi dalili ba, kowa ya sani. Ya kwaso matarsa da 'ya'yansa da shanun huɗarsa guda biyu ya dawo gidan ubansa. Wata biyu yana zaune gindin dogon yaro yana kallon motoci suna wucewa. Rannan da damina wata motar haya ta taso daga ƙauye, laka har gilashi. Direban ya tsaya shan ruwa, ya dube shi ya ce, "Malam, ko ka watsa mata bokiti biyu? Fasinjan Gusau ba su shiga mota kamar ta fito daga kududdufi." Ya watsa mata. Direban ya damƙa masa abin da ya damƙa. Washegari direban ya dawo da 'yan'uwansa direbobi biyu.

Ta nan sana'ar ta shigo gidanmu. Bokiti, soso, garin sabulu, buroshi, da tsofaffin zannuwana da matarsa ta yayyaga sunka zama tsumma. A lokacin masu wankin mota ba su da yawa a titin nan, su ma a bakin gulbi suke, in ruwa ya janye su janye. Rijiyarmu kuwa rani da damina tana nan. 'Yan kabu-kabu sunka gane mu. Masu keke mai ƙafa uku sunka gane mu. Ma'aikatan da ke kwana Bungudu su yi aiki Gusau su ma sunka gane mu. Yammacin Alhamis da safiyar Juma'a sai ka ga layi, jajibirin salla kuwa a tsaye yake cin abinci. Ina daga cikin gida ina jin su ta katanga.

"Kai mai wanki, ka wanke mani ita ta koma sabuwa!"

"Alhaji, sabulu gare ni, ba ni da maganin tsufa."

"To murza ƙofar nan da kyau."

"In na murza da ƙarfi ai ƙofar za ta biyo tsumma."

Sai in yi dariya a ɗaki ni kaɗai. In wani ya shigo in gimtse.

Rijiya ba ta ji komai ba a shekarun nan. Guga ne da hannu, hannu kuwa yana gajiya kafin ruwa ya gaji. Mata na ja ta wannan gefe, shi yana ja ta wancan. Tuwo ya zauna a gidan, jikokina sunka shiga makaranta.

Amma sana'ar da ake yi a bakin hanya kowa yana kallonta. Sai ga wani Alhaji daga Gusau ya sayi filin da ke tsallaken titi. Ya haƙa bohol, ya ɗora tankuna sama, ya yi daɓen siminti, ya kafa rumfar kwano da kujeru da talabijin. Ya kawo injin feshi, irin wanda ke turo ruwa ta tiyo da ƙarfi har lakar da ke ƙarƙashin mota ta zubo. Bayansa wani ya buɗe kusa da gidan mai, wani ya buɗe a mashigar gari har da wankin kafet da darduma. Kowa da injinsa, kowa yana karya wa ɗan'uwansa farashi. Masu manyan motoci sunka fara tsallakawa. Mutumin da ya saba da kai, ya sha ruwan rijiyarka, ya yi salla a tabarmarka, sai ya ɗaga maka hannu daga cikin mota ya karya sitiyari ya shige wajen Alhaji. Anka bar mana babura, da motocin da in an fesa musu ruwa da ƙarfi fenti zai bi ruwan.

Da abin ya ishi ɗan farin nan, ya kai shanun huɗarsa kasuwa, su kaɗai ne abin da ya tsira da shi daga Tsafe. Ya dawo da injin feshi da injin jan ruwa da janareta da tanki. Ya zura tiyo cikin rijiyar Malam.

Wasu motocin sun dawo, ban ce ba su dawo ba. Sai dai inji ba hannu ba ne. Kafin azahar ya zuƙe abin da rijiya ta kwana tana tarawa. Mata su zo da la'asar su jefa guga ya fito da ruwan laka. Maƙwabciyata, wadda munka tsufa tare, ta shigo rannan ta ajiye jarka babu komai a gabana.

"Ke, ashe rijiyar Malam ta zama ta motoci? Mu da ba mu da taya mu sha mi?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, da asuba tana tarawa."

"Da asuba! Wato in yi tsere da inji. Ni da gwiwar nan tawa."

Ta yi dariya, na yi dariya, amma ba dariya muke ba.

Shi ma maganar ta kai kunnensa, kuma ba mugu ba ne. Bai so a ce ya hana unguwa ruwan ubansa ba, bai kuma iya komawa bokiti ba. Sai matarsa ta zo ta durƙusa ta ce, "Inna, ya ce jibi masu haƙa za su zo daga Tsafe. Za a ƙara mata zurfi gaba biyu, kowa ya samu."

Ni kuwa akwai abin da na sani. Tsohon da ya gina rijiyar nan mutumin Mada ne. Ranar da ya gama na kai musu fura, na ji da kunnena yana gaya wa Malam cewa ruwan rijiyar nan daga gefe yake tsattsafowa, ba daga ƙasa ba. Gindinta farin yumɓu ne, kamar gindin randa, shi ke riƙe ruwan. Ƙarƙashin yumɓun tsakuwa ce mai shanye duk abin da ta samu. Ya ce in za a yashe ta a kwashe laka kawai, ranar da anka ga farin yumɓu a guga a dakata. Malam ya kiyaye wannan duk shekara. Tsohon ya rasu, Malam ya rasu, ɗan nan kuwa a Tsafe ya tashi, bai taɓa ganin yasar rijiyar ko sau ɗaya ba. Ni kaɗai na rage da maganar a duniya.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. Ni tsohuwa ce, ba mai hana ni fita. In tashi in taka zuwa ƙofar gida in ce, zauna ka ji. Ban yi ba. Na kalli bango na ce wa matarsa, "Ki gaya wa mutanen waje ba a taɓa gindin rijiyar nan. Mai gininta ya hana." Ban ƙara ba, ban yi bayanin yumɓu da tsakuwa ba, don tsawaita magana a kan al'amarin ɗan fari shi ma rashin kunya ne. Ita kuma yarinya ce mai ladabi, ba ta iya kai wa mijinta hani a matsayin hani. Daga baya na ji abin da ta isar: Inna ta ce a bi a hankali. Amsa ta dawo mani cewa in sha Allahu za a kula.

Masu haƙa sunka zo, mutum biyu, da diga da shebur. Ranar farko baƙar laka ce ta yi ta fitowa, na ɗan samu sauƙi. Rana ta biyu da hantsi na fito zaure na tsaya bayan ƙyaure. Ina kallo anka jawo guga anka juye a gindin dogon yaro. Fari fat.

Matan unguwa suna tsaye gefe da jarkokinsu suna kallon aiki, har da maƙwabciyata. Shi yana bakin rijiya riƙe da igiya, ya ba ni baya, ƙeyarsa sak ta ubansa. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma uku ba. Wallahi na buɗe baki. Sai idona ya faɗa kan matan nan, su ne fa masu nuna ni a gidan biki, na ji a raina yadda za su ce, yau ga mai kunya tana kiran ɗan fari a bainar jama'a. Na rufe bakina. Na koma ciki na sake aiken matarsa.

Ta sa hijabi, ta fita, ta tsaya nesa har sai da anka lura da ita, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Babban masu haƙan ya ji, ya ƙyalƙyale da dariya.

"A ce wa Inna ta kwantar da hankalinta. Rijiya nawa munka gina! Ƙarƙashin farin nan ruwa shina nan kamar gulbi. Sai kun roƙe shi ya bari."

 Ɗan nan kuwa ya juyo ya dubi zaure, ya daɗe yana dubawa, igiya a hannunsa. Ni kuwa na ƙara matsawa bayan ƙyaure. Da ya ga ba wanda ya fito, sai ya mai da guga ciki.

Rana ta uku diga ta taɓa tsakuwa. Masu haƙa sunka wanke ƙafafunsu sunka ce kafin safiya za ta cika. Da gari ya waye mace ta farko ta jefa guga, ya bugi dutse. Anka leƙa. Ruwan yana nan yana tsattsafowa daga gefe kamar yadda ya saba, ana ganin ƙyallinsa a jikin bango, yana gangarawa, yana shigewa cikin tsakuwa. An zuba siminti har sau biyu, bai riƙe ba. Damina ta zo ta cika ta, kwana uku ta koma yadda take.

Ɗan nan ya gwada sayen ruwa wajen 'yan garuwa yana wanki, amma ruwan saye ba ya wanke mota a ci abinci. Injinan sunka koma hannun mai wajen da ke kusa da gidan mai. Yanzu kullum da safe sai ya hau motar haya zuwa Gusau, yana wanki a wajen wani, ƙarƙashin yaran da ya isa ya haife su. Matan unguwa kuwa suna tsallaka kwalta da jarkoki, suna kauce wa tireloli, su sayo ruwa a famfon Alhaji. Maƙwabciyata ba ta ƙara tayar mani da zancen ba. Ta gaishe ni, ta tambayi jiki, ta wuce. Da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi.

Da akuyar wani ta faɗa ciki ta karye, mai unguwa ya aiko cewa a cike ramin kafin ya ci ɗan mutum. Rannan da la'asar ɗan farin nan ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata. Na amsa gaisuwa ina kallon bango. Bai tashi ba. Ashe maganar tsohon Mada, wadda na faɗa wa matarsa dalla-dalla bayan aikin gama ya gama, ta isa kunnensa.

Ya ce, "Inna."

Na ci gaba da kallon bango.

"An ce kin san abin da ke ƙarƙashin farin yumɓun nan."

Na juyo na dube shi. Akwai furfura a gemunsa, ban san da ita ba. Na ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kana goye."

Ya sunkuyar da kai yana murza tafin hannunsa, duk sabulu ya cinye shi. Can ya ce, "Ran nan na ga inuwarki a zaure. Na tsaya ina jira. Da ko tari kinka yi, Inna, da na saki igiyar."

 Ya jira, ya jira. Sannan ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri," ya miƙe.

Mutane sun ce a riƙa zuba shara a ciki, da kanta za ta cika. Ya ƙi. Ya ari baro, kwana huɗu bai je Gusau ba, yana turo ƙasa mai tsabta daga bakin gulbi yana juyewa a rijiyar ubansa, bai yarda kowa ya kama masa ba.